Kawu da Kilomita Dubu Ɗari

Kawu ya rasu da hantsi, cikin damina, gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan Sabon Birni. Ni ina Isa a cikin aji lokacin da waya ta same ni, kafin in iso kuma an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da gida ya cika har ƙofa, rabin fuskokin ban taɓa ganinsu ba. Abin ya ɗan ba ni haushi, don a ganina babu wanda ya san Kawu kamar ni, ɗiyar ƙanwarsa da ta tashi a gabansa.

A tsakar gida wata mata daga Tsamaye ta riƙe hannun matar Kawu tana kuka, goye da yaro ɗan shekara biyu. Ta ce a kujerar baya ta motar Kawu ta haife shi, a kan hanyar asibiti, Kawu ya fita ya tsaya can nesa ya juya baya har matan da suka rako ta suka gama. Wata Bafulatana ta ce ya taɓa ɗaukar ta da ƙwaryar nononta da ɗan maraƙinta da ya karye ƙafa, ya kai su har bakin ruga. A waje, an gaya mini, 'yan kasuwar da ke tsallakawa Nijar suna ta maimaita magana ɗaya: mota sabuwa dal, amma ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu ta wuce shi. Bakin kowa ya zo ɗaya, cewa Allah bai yi mai alheri da mota kamar wannan dattijo ba.

Gaskiya suka faɗa, amma ba su faɗe ta duka ba, don ba su sani ba. Ban da matarsa, mu biyu muka san sauran. Ni, sai wani tsoho da na wuce a ƙofar gida, wanda bai zauna a tabarmar masu gaisuwa ba. Ya ja ɗan benci ya zauna kusa da motar a gindin dogon yaro, hannayensa biyu cikin aljihu. Shi ne aminin Kawu, wanda duk gidanmu muke kira Baba makanike. Saboda shi nake wannan rubutu, kuma saboda kada a manta irin mutumin da Kawu yake.

Kawu direban babbar mota ne tun kafin a haife ni. Ya yi wajen shekara arba'in yana kai gero da wake Nijar, yana dawowa da kanwa da dabino. A duk shekarun nan makanike ɗaya ne ya taɓa sa wa motarsa sifana. Akwai lokacin da ta lalace masa a can tsallaken iyaka, kanikawan garin suka taru za su duba, ya ce sun gode. Ya sa aka ɗaure ta da igiya aka ja ta kwana biyu har garejin Baba. Duk wanda ya shiga motar Kawu ya san maganarsa ta farko: “Kashe rediyo mu ji mi taka cewa.” Sai ya karkata kai ya saurari inji kamar mai jin gaisuwar surukai. In ya ji abin da bai gamshe shi ba, sai gareji.

A gareji kuwa ba a taɓa gyara ba tare da gardama ba. Kawu zai ce matsalar mai ce, Baba ya ce ta wuta ce. Baba zai dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, Kawu yana gefe yana ta surutu.

“Ka yi shuru mana, in ji ta!”

“Ni da nit tuƙo ta tun daga Maraɗi, kai za ka hwaɗa min ciwonta?”

Haka za su yi ta yi har a gama, sannan su wanke hannu su sha fura a ƙwarya ɗaya. Yawanci Baba ne ke da gaskiya. Ban taɓa jin Kawu ya amsa hakan da bakinsa ba, sai dai ya ƙara wa abokinsa sukari a fura.

Da ƙarfi ya fara raguwa Kawu ya sayar da babbar mota ya koma wata tsohuwar akori-kura. Babban ɗansa, wanda yake taubashina, yana aiki a Abuja, shi ne ya ce ba zai yiwu mahaifinsa ya tsufa yana tura mota ba. Ya saya masa sabuwa fil daga kamfani, kujerunta a cikin leda. Ranar da ta iso, unguwa ta taru sa albarka. Baba makanike ya zo da rigarsa ta Juma'a, ƙotar sukundireba tana leƙowa daga aljihu. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa gefenta, ya ce, “To, buɗe muna kanta mu gaisa.”

Taubashina ya yi wuf ya tsaya tsakaninsa da bonet. Ya ce, “Baba, a yi haƙuri, wagga ba a taɓa ta nan. Garanti gare ta. In wani makanike yas sa mata hannu ba na kamfani ba, sun cire hannunsu ke nan.” Ya juya ga mahaifinsa ya ce ya yi masa alkawari. Kawu yana cikin murna, ga jama'a, ga ɗansa da ya kashe abin da ya kashe, ya ce ya yi alkawari, babu makaniken da zai taɓa ta sai na kamfani.

Ba da mugunta taubashina ya faɗa ba, na san shi, bakinsa ne dai ke riga tunaninsa fita tun muna yara. Amma a gaban mutane ya faɗa. Baba ya janye hannunsa a hankali ya sa a aljihu, ya ce Allah ya tsare hanya, ya tafi. Wata biyu bai leƙo ƙofar gidanmu ba. Kawu kuwa ya daina cin abincin kirki. Ga sabuwar mota a gindin dogon yaro, ga mai ita zaune ya zuba tagumi.

Sai ya aiko a kira ni daga Isa, wai in zo in karanta masa littafin da aka haɗo da motar. Na karanta ina fassara masa. Na ce ai ba a hana buɗe bonet a duba ba, gyara ne da juyen mai aka ce sai a kamfani. Ya aika wa Baba da wannan magana, amsa ta dawo cewa shi ba ya leƙen abin da aka hana shi taɓawa. Kawu ya yi tsaki, ya ce in ci gaba. Na zo wurin da aka rubuta cewa garantin na shekara biyar ne ko kilomita dubu ɗari, duk wanda ya riga cika.

“Tsaya, ɗiyata. Maimaita.”

Na maimaita.

“Ke nan in ta ci dubu ɗari, ko shekara ba ta cika ba, ta hita hannunsu?”

Na ce haka ne.

Sai ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. Ya ce, “Shekara biyat, ni da makanike wa ad da tabbas? Amma kilomita, wanga aikina na.”

Washegari ya je gareji da kansa. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Na dai san tun daga ranar, kullum da yamma Kawu yakan tsaya a bakin gareji ba tare da ya kashe mota ba, ya duba mita, ya kira abin da ya rage. Baba kuma ya ɗauki alli ya rubuta a bayan ƙyauren garejin, daga ciki, inda ba kowa ke gani ba. Tun daga ranar kuma motar ba ta sake hutawa ba. Masu haihuwa, masu kai amarya, masu zuwa gaisuwar mutuwa a Tozai, ɗalibai masu zuwa jarrabawa Sakkwato, duk Kawu ne. Ko kuɗin mai bai karɓa ba, ɗan abin da gonarsa ta ba shi a tankin motar ya ƙare. Dokarsa ɗaya ce, yadda hanyoyinmu suka zama: ba ya yarda la'asar ta same shi a daji. Matarsa takan ce ta auri direba ya yi ritaya, yanzu ga shi ya koma aiki ba albashi.

Ni na raka shi sabis Sakkwato ba sau ɗaya ba, don ni ce mai karanta masa takardu. Wuri ne mai sanyi da ƙamshi, ana ba mutum shayi, amma ba a bari ya bi motarsa ciki. Wannan shi ya fi ci wa Kawu rai. Yakan tsaya jikin gilashi yana leƙe kamar wanda aka shiga da matarsa ɗakin tiyata. Wani lokaci mu yi sammako mu je, a ce kayan da za a sa ba su iso daga Legas ba, mu dawo wani mako. Ni nakan fusata, in ce wannan wulaƙanci ne. Shi kuwa sai ya duba mita ya yi murmushi, ya ce zuwa da dawowa duk cikin lissafi ne.

A shekara ta biyu wata ƙara ta shigo motar, siririya, wadda ni ko da an kashe rediyo ban ji ta ba. Kawu ya ji. Muka kai ta kamfani, suka jona mata kwamfuta, suka ce lafiyarta ƙalau, suka wanke ta suka ba mu. Muka sake komawa, suka ce ƙila tsakuwa ce. Da yamma Kawu ya tsaya a gareji zai kira lissafi, Baba yana zaune a kan tsohuwar taya bai ko tashi ba, ya ce, “Ƙahwar baya ta hagu. Boris na. Kwana goma nike jin ta duk sa'ad da kaw wuce.” Muka koma karo na uku, Kawu ya kafe sai an ɗaga motar an kwance ƙafar nan. Boris ɗin ne kuwa, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Suka canza shi kyauta, suka ba da haƙuri, shugaban kanikawansu ya fito da kansa ya tambayi wanda ya gano. Kawu ya gyara hula ya ce, “Wani tsoho na can Sabon Birni. Daga bakin titi yaj ji ta, hannunai cikin aljihu.” Labarin nan ya ba da shi ya fi sau ɗari. Ya kuma yarda garanti ya yi rana, bai ɓoye ba, ya ce yaran kamfani suna da gaskiya da tsabta, kunne ne kawai ba su da shi.

Duk zuwan da muka yi, wata yarinya mai fara'a a teburin karɓar baƙi sai ta yi masa tayin ƙarin garanti. Shekara biyu a kan na farko, da sabis a rahusa, amma sai an biya kafin na farkon ya ƙare. Takan jera masa amfaninsa, kuma ba ƙarya take yi ba. Kawu yakan saurare ta har ta gama, ya sa mata albarka, ya ce, “Ɗiyata, wani na jiranta.” Ita ta ɗauka mai saye yake nufi.

Shekara uku da 'yan watanni ya yi yana wannan gudu. Ciwon da ya ɗauke shi kwana huɗu ne kacal. Lissafin ƙarshe da Baba ya rubuta da alli shi ne saura ɗari huɗu da goma sha biyu.

A kwanakin farko na zaman makoki motar ta ci gaba da aikinta, ana ɗauko dangi daga ƙauyuka, ba wanda ya kula da mita. A rana ta huɗu aka kira taubashina daga kamfani, aka yi masa gaisuwa, aka tuna masa cewa garanti ya kusa ƙarewa, in yana son ƙari ya ɗauki hoton mita ya tura ya biya ta waya. Ya je ya duba, ya ga saura hamsin da takwas. Nan take ya kulle mota ya jefa makulli a aljihu, ya ce kada wanda ya sake motsa ta sai an yi addu'ar bakwai ya biya. Baba yana zaune a bencinsa ya ji komai.

Ni ce na tanka. Amfanin taubasantaka ke nan, abin da ƙannensa ba za su iya faɗa masa ba ni zan faɗa, in ya yi fushi in ce wasa nake. Na same shi a zaure na ce, “Kai dai Abuja ta cinye maka kai. Ka san dalilin da tsohonka yab bi hanya shekara uku?” Na kwashe labari na gaya masa. Ya saurara, idonsa ya yi ja, amma bai sauko ba. Ya ce motar yanzu ta magada ce, akwai mahaifiyarsa, akwai ƙannensa mata. Ya ce motocin zamani kwamfuta ne, Baba kuma idonsa ya yi rauni, in wani abu babba ya lalace wa zai ɗauka? Wannan kam gaskiya ce. Na ce kawai ya zo mu je gareji.

Baba ba ya nan, yana ƙofar gidanmu. Na tura ƙyaure na juya shi. Lambobi ne da alli tun daga sama har ƙasa, layi bayan layi, in wuri ya cika a goge na sama a ci gaba. Wasu sun dushe, wasu damina ta jiƙa su. Kowace lamba yammaci ɗaya ce da tsofaffin nan biyu suka yi. Taubashina ya daɗe a tsaye. Ya sa yatsa a kan ta ƙarshe, alli ya kama masa hannu. Ya ce, “Ni na ɗauka na huttashe shi.” Na ce ya hutar da shi mana, wa ya taɓa ganin Kawu cikin nishaɗi kamar shekarun nan? Kuma kada ya ɗauka alherin da mutane ke yabo na ƙarya ne. Kawu tun yana da akori-kura ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Kilomita dai ta ba shi hujjar da zai yi abin da dama yake so.

Da muka koma gida ya shiga wurin mahaifiyarsa, tana cikin takaba, ƙannensa na kewaye da ita. Ya faɗa musu yadda abin yake, riba da hasara, bai rage komai ba. Matar Kawu ta ce, “Ni shekara uku nike jin lissahin nan kahin in ji sallama. Ku bar ta ta cika.” Ƙannensa suka ce abin da Inna ta ce shi ne.

Ranar bakwai, bayan addu'a, baƙi suka fara haramar tafiya. Akwai yayar Kawu, tsohuwa tukuf, da za a mayar Kamarawa. Taubashina ya fito da makulli ya ce shi zai kai ta, ni in raka su. Muka sauke ta, muka juyo tun rana na tsaka. Rediyo a kashe. Ina kallon mita ta gefen ido, shi ma haka. Muna tsakiyar gonaki, gero ta ko'ina, tara-taran nan suka juye suka zama sifili. Ya rage gudu, ya ce alhamdu lillahi, ya goge ido da hannun riga.

Bai nufi gida ba. Ya tsaya a bakin gareji, inda Baba ya koma bayan an watse. Ya fita, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban tsohon, ya miƙa masa makulli da hannu biyu. Ya ce, “Baba, ta cika. Ni niy yi kuskure, a gahwarce ni.”

Baba bai karɓa nan da nan ba. Ya ɗauki buta ya wanke hannayensa da sabulu, ya goge a rigarsa. Ni tun da nake ban taɓa ganin makanike ya wanke hannu kafin aiki ba. Ya zo gaban motar ya laluba, bai san inda ake buɗe irin wannan ba, sai da taubashina ya nuna masa. Bonet ya ɗaga. Ya tsaya yana kallon injin da aka lulluɓe da baƙar roba, ya ce a tayar da ita. Ya zaro sukundireban nan daga aljihu, ya nemi wurin da ƙarfe ya fito ya dafa, ya kara kunne, ya rufe ido.

Ya daɗe. Mu muna tsaye ba mai motsi. Da ya ɗago fuskarsa a jiƙe take. Ya ce, “Lahiyatta lau. Babu abin da za ni gyarawa. Ya riƙe ta da amana.” Ya dubi gefensa na dama, inda Kawu ya saba tsayawa, ya ce, “Sai dai shuru ya yi yawa. Da shina nan da ya ce mai na.”

Muka yi dariya mu uku muna hawaye. Ya rufe bonet a hankali da tafin hannunsa, ya shiga gareji, ya ɗauki alli ya rubuta sifili a ƙarƙashin lambar ƙarshe.

Motar tana nan, magada sun bar wa matar Kawu ita, kuma har yanzu ba ta wuce mai ɗaga hannu. Baba ne ke yi mata juyen mai. In abin kwamfuta ya taso shi da kansa yake cewa a kai ta Sakkwato, ya shiga gaba a tafi da shi, ya sha shayinsu, ya faɗa musu inda za su duba. Ni kuwa raina a kwance yake, ina kewar Kawu amma ba na jin an bar wani abu ba a ƙarasa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kowace tafiya da ya rage wa wani ta tarbe shi a can, ya ba Baba makanike haƙurin shirun da aka bar masa.